Wayoyi Tara a Jaka Ɗaya

Ranar Litinin da safe Alhaji Muhyiddin, shugaban kamfaninmu, ya kira ni ofishinsa. Ya juyo da fuskar kwamfutarsa wajena, ya ɗora yatsa a kan wani jan ɗigo da ke zaune shi kaɗai a taswira.

"Batulu, wane ne wannan?"

"Baba Torkula ne, Oga."

"A ina yake?"

Na leƙa, ko da yake na riga na sani. "Kusa da tashar motar Doma."

"A ina ya kamata a same shi?"

"Tse-Ugondo."

"Ranar Alhamis yana ina? Tasha. Laraba? Tasha. Mako uku mutum yana zaune a tasha, ko ɗan kamasho sai haka." Ya juya wajen ƙofa ya kira sakatariyarsa. "Cordelia, ki buga masa takardar sallama. Ranar Juma'a zan miƙa masa a gaban kowa, saura su ɗauki darasi."

Na ce, "To." Tun da aka ɗauke ni aiki a wannan ofis, babu kalmar da na fi faɗa kamarta.

Kamfaninmu na sayen riɗi ne. Mukan ba manoma iri lokacin shuka, mu tura musu malaman gona, in an girbe mu saya mu kai Legas. Malaman gonar goma ne, kowa da ƙauyukansa tsakanin Lafia da bayan Doma. Ofishin kuwa ɗaki uku ne a saman wani shagon tayoyi a titin Makurdi, a nan Lafia. Ni aka ɗauka in riƙa kula da kwamfutoci bayan na gama bautar ƙasa, kuma wata huɗu na farko aikina bai wuce cire takardar da ta maƙale a firinta ba.

Sai Oga ya je wani taro a Abuja. Ya dawo da katin suna rataye a wuya, wanda bai cire ba har mako guda, da kuma sabuwar aƙida: yana son ya riƙa ganin kowane malamin gona a taswira daga kujerarsa. Gona uku a rana ga kowa. Mutanen Legas da suka zuba jari a kamfanin, in ji shi, ba sa son labari, hoto suke so.

Na fara tunanin manhajar da za a sauke a waya, sai na karɓi wayoyin malaman na duba. Babu wadda ke da wurin da za a ajiye ko allura. Bidiyon biki, waƙoƙin mawaƙan coci, wa'azi, hotunan 'ya'yan maƙwabta. Don haka na yi shafi kawai wanda ake buɗewa a burauza, wato abin shiga intanet da ke cikin kowace waya. Mutum ya isa gona, ya buɗe shafin, waya ta tambaye shi ko ya yarda a san inda yake, ya ce ya yarda, ya danna maɓallin da na rubuta wa "Na iso". In yana cikin gonar da aka ba shi, ɗigonsa ya fito kore a kwamfutar Oga. In ba ya ciki, ja.

Akwai wani abu da ya kamata in bayyana, domin laifina a nan yake. In aka tambayi burauza inda waya take, abu uku take bayarwa. Biyu lambobin wurin ne. Na uku kuwa shi ne iyakar kuskuren da za ta iya yi: tana iya cewa mutumin yana nan, kuskurena bai wuce mita biyar ba, ko kuma ta ce yana nan, amma fa zan iya kuskurewa da kilomita da yawa. Da farko na zana wannan na ukun a matsayin da'ira mai haske kewaye da kowane ɗigo. Oga ya kalla ya yamutsa fuska.

"Mene ne wannan kamar kan yaro mai makero? Ki cire. Ɗigo nake so, tsaf, irin na Abuja."

Na ce to, na cire.

Ranar Talata, Anti Cordelia tana buga takardar sallamar da yatsa biyu, ni kuma na buɗe ma'ajiyar da shafin ke zuba duk abin da aka danna. Ban taɓa zama na karanta ta da kyau ba, tunda kore ya yi yawa kuma Oga yana murna. Na fara da Baba Torkula. Lambobinsa na kwana goma sha biyar iri ɗaya ne, har ƙwayar ƙarshe. Ko mutum a ɗaure yake a benci ai yakan ɗan gusa. Abin da ba ya gusawa shi ne ƙarfen sabis, kuma akwai guda a bayan tashar Doma. Na duba lamba ta uku: mita dubu tara. Wato wayarsa ba ta jin tauraron ɗan'adam sam, sai ta kama sunan ƙarfen da take shan sabis daga gare shi ta miƙo, tana kuma faɗa da babbar murya cewa ba ta da tabbas. Ni ce na toshe mata baki.

Da na ga haka sai na duba sauran tara, don in samu abin kwatance. Nasu kyakkyawa ne, mita huɗu, mita shida, kowa a tsakiyar gonarsa. Na kusa rufewa sai idona ya tsaya a kan lokutan. Ya'u ya danna ƙarfe tara da minti goma. Vera tara da ashirin da biyar, a ƙauye na gaba. Terseer goma saura kwata, a na gaba da shi. Cikin mako uku ba a taɓa samun mutum biyu sun danna a lokaci ɗaya daga wurare biyu ba. Na rubuta ɗan abin da zai nuna yinin kamar fim, na kunna. Ɗigogin suka riƙa kamawa ɗaya bayan ɗaya kamar ana jan carbi, suka bi hanyar Doma suka fita, suka zagayo suka dawo. Akwai ma wata Alhamis da aka yini ana ruwa: wayoyi tara sun danna cikin minti biyu daga wuri guda a bakin titi, shafin ya ƙi su duka. Wani ya fake a rumfa ya gwada sa'arsa ke nan.

Na kashe, na zauna ina kallon bango. Anti Cordelia, wadda ta raɗa min suna Kwamfuta, ta ɗago kai.

"Kwamfuta, lafiya? Kin yi kamar an ɗauke miki wuta."

"Gobe ina so in fita gwada sabis a ƙauye, Anti."

"Ke? Rana? Ki tafi da lema, kada ki narke mana a hanya."

Laraba da sassafe na bar unguwarmu Bukan Sidi, na shiga motar Doma, daga can na hau okada. Damina ta yi nisa, hanyar ta zama taɓo, mai babur yana ta kauce wa ramuka yana zagin waɗanda suka haƙa su kamar mutane ne. Ba mu yi rabin tafiya ba na hango wani a gindin kashu a bakin wata gonar riɗi, zaune a kan babur, ƙafa ɗaya a ƙasa, jakar makarantar yara a kan tanki. Na ce a tsaya.

Ya'u ne, ɗaya daga cikin malaman gonarmu, ɗan unguwarmu kuma, wanda ya san ni tun ina zuwa islamiyya. Yana riƙe da waya a sama yana jiran sabis. A bayan wayar an manna filasta, an rubuta "Vera" da lambobi huɗu na buɗewa. Da ya gan ni hannunsa ya sauko a hankali. Bai ɓoye jakar ba, domin bakinta a buɗe yake, kuma wayoyin suna ciki a jere kamar kifin gwangwani.

"Ƙanwata. Ikon Allah. Yau injiniya da kanta a daji?"

"Ina kwana, Yaya Ya'u."

"Lafiya lau. Ya Inna? Ƙafar tata ta yi sauƙi?" Ya danna maɓallin Vera yana maganar, don kada sabis ya gudu, ya mayar da wayar, ya zaro wata. "Kin ga aikinki yana tafiya daidai. Wallahi shafin nan naki ba ya ba da wahala. Ko ni da ban iya waya ba, tara nake sarrafawa."

Na ce, "Na gode."

Ganin ban yi faɗa ba sai ya saki jiki, har da ɗan alfahari. Gayya ce, in ji shi, irin wadda iyayenmu ke yi a gona. Ƙarfe bakwai kowa ya kawo wayarsa wajen mai ƙosai a mahaɗar hanyar Doma, a zuba a jaka. Wanda ranarsa ta zo ya ɗauka ya zagaya gonaki ashirin da bakwai, ya dawo da la'asar kowa ya karɓi tasa. Mutum ɗaya, tanki ɗaya, sau ɗaya a kwana tara.

"Kin san kuɗin mai yanzu. Gona uku a rana, kowa da babur ɗinsa? Wanda ya tsara wannan bai taɓa tura babur a taɓo ba."

"Sauran fa, me suke yi duk yini?"

"Aiki mana. Terseer yana gonar doyarsa. Sharhabilu yana shago. Vera tana koyarwa a wata firamare. Ga shi mutum ya yini babu waya, ba mai kiransa ya ce gishiri ya ƙare a gida. Har ƙiba wasu suka yi."

"Manoman kuma?"

"Ƙanwata, manomi ya iya noma tun kafin a haife ni."

Mai gonar yana tsaye can gefe da fartanya a kafaɗa, yana kallonmu. Na gaishe shi, na tambaye shi ko ya san malamin gonarsa.

"Mai ɗaga waya sama? Yana zuwa. Sai dai kullum da sabuwar fuska. Shekaranjiya ma mace ce."

Ya'u ya yi dariya, ya zuge jakar. Na tambaye shi Baba Torkula.

"Mun gayyace shi tun farko. Ya ce shi wayarsa ba ta shiga jakar kowa. Taurin kai ne da dattijon nan." Ya tayar da babur, sannan ya dube ni, dariyar ta ragu. "Gida tara ne a jakar nan, Batulu. Ke yarinya ce mai kunya, kowa ya shaide ki. Ki gaida Inna."

Tse-Ugondo gidaje ne kamar goma sha biyu da rumbuna, a bayan wani rafi da sai da na cire takalmi na tsallaka. Tun kafin in tambaya wata mata ta nuna min hanya da haɓa. Na same shi a tsakiyar gona, ya naɗe wando zuwa gwiwa, mata biyar da maza biyu sun kewaye shi. Yana tsuguno yana cire tsiron riɗin da ya yi cunkoso, yana auna tazara da tafin hannu, yana faɗa da wata mai suna Doose da harshen Tibi saboda tana jin tausayin tsiron, ba ta son cirewa. Duk gonakin da na wuce a hanya watsa iri aka yi, riɗi da ciyawa suna kokawa. A nan layi ne miƙaƙƙe, har mutum ya ji kunyar taka shi.

"'Yata, me ya kawo ki? Oga ya mutu?"

"Lafiyarsa ƙalau, Baba. Wayarka na zo gani."

Ya zaro ta daga leda biyu. Fuskarta a tsage, an ɗaure ta da robar kuɗi. Bara ta faɗa rafin nan da na tsallako, in ji shi, ya shanya ta a cikin buhun shinkafa kwana uku, ta tashi. "Tana kira, tana amsa. Me kuma ake nema wajen waya?"

Sabis ba ya sauka cikin gonar, sai a kan wani suri a gefenta. Kullum da safe nan yake hawa ya danna, domin an ce a danna. Muka hau tare, yana riƙe da hannuna kamar ni ce tsohuwar. Na danna a tawa: kore, Tse-Ugondo, mita biyar. Ya danna a tasa: ja. Ya ce shi dama kullum ja yake gani, ya ɗauka kalar kamfani ce.

Na gaya masa inda taswira ke cewa yake, da abin da Anti Cordelia ta buga jiya. Faɗar ta yi min wuya, na yi ta kallon tururuwa.

"Tasha?" in ji shi. "Ni me zan yi a tasha? Ko wanda zan raka ba ni da shi." Ya mayar da wayar cikin leda ta farko, ya saka a ta biyu, ya ƙulle a hankali. "Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki. Tun kamfani yana ɗaki ɗaya, Oga yana auna riɗi da hannunsa. Ki ce masa ya zo ya tambayi gona."

"Ba zai zo ba, Baba."

"Na sani. Takalminsa fari ne."

Ya sauka daga surin ya koma wajen Doose, wadda ta yi amfani da tafiyarsa ta mayar da tsiro biyu cikin ƙasa.

Alhamis na yini ina neman Oga shi kaɗai, domin magana a gaban mutum ɗaya ta fi min sauƙi. Bai shigo ba, ya tafi ɗaurin aure Keffi. Na mayar da da'irar nan da ya ce in cire. Na shirya abin da zan faɗa, jimla huɗu, na haddace su a keke napep har mai keken ya waiwayo ya tambaye ni ko da shi nake. Niyyata in nuna da'irar kawai. Ta isa ta wanke Baba Torkula, kuma ba ta taɓa jakar kowa ba.

Juma'a ƙarfe tara kowa ya hallara a babban ɗaki, kan kujerun roba. Malaman gona goma, kowa da wayarsa a hannu yau. An haska taswira a bango. Farar ambulan tana kan tebur a gaban Oga, ya ɗora mabuɗin motarsa a kai. Ya yi jawabi a kan zamani, da yadda Lafia za ta kama Legas, da yadda na'ura ba ta da ƙabila ba ta da addini, ba ta kuma san dattijo ba. Baba Torkula yana zaune a gaba da rigar cocinsa, hularsa a kan gwiwa.

Na ɗaga hannu. Ba wanda ya gani sai Anti Cordelia.

"Oga, Kwamfuta tana son magana. A rubuta ranar."

Na miƙe. Jimlolin nan huɗu suka watse, sai na danna kawai. Wata ƙatuwar da'ira ta bayyana kewaye da jan ɗigon, ta haɗiye tasha, ta haɗiye garin Doma, gefenta ya wuce Tse-Ugondo.

"Makeron nan ba na ce ki cire ba?"

"Oga, wayar Baba ba ta san inda yake ba. Cewa take yi yana wani wuri a cikin wannan da'irar. Ɗigon ƙarfen sabis ne, ba shi ba ne. Na je shekaranjiya, na same shi a gona. Kuskurena ne da na cire."

Muryata ta fita siririya, amma ta fita. Na zauna da sauri, ina ganin an gama.

Oga ya yi murmushin da yake yi wa masu kawo riɗi da yashi a ciki. "Batulu, kina da tausayi, halin mata ne, ba laifi. Amma ki yi tunani. Wayoyi goma. Tara suna faɗin gaskiya kullum, ɗaya ce tak take ruɗewa, kuma sai aka yi dace ta wanda ba ya zuwa aiki ce? Dubi Ya'u. Dubi Vera, mace, gona uku kowace rana, ko ruwa ko rana. Su wayoyinsu daga sama aka sauko da su?" Ya janye mabuɗin mota daga kan ambulan. "In da hali ne na na'ura, da na gani a wajen su ma."

Ya'u yana kallona. Ba harara ba ce, kallon ɗan unguwa ne wanda ya san ƙofar gidanmu. Baba Torkula kuwa ba ya kallon kowa, yana goge hularsa da babban yatsa. Oga ya ɗaga ambulan.

Ban miƙe ba wannan karon. Daga zaune na danna ɗaya maɓallin, na fim ɗin nan.

Taswira ta share, agogo ya fito a kusurwa. Tara da minti goma, kore ɗaya ya kama. Tara da ashirin da biyar, na gaba. Suka yi ta kamawa a jere, suna bin hanya, suna tsayawa inda hanya ta lalace, har da hutun rabin awa daidai lokacin sallar azahar, har wayar Terseer da ta Vera, waɗanda ba sa salla. Ana jin ƙarar injin ba taya iska daga ƙasa.

"Mene ne wannan kuma?"

"Babur ɗaya ne, Oga."

Anti Cordelia ta sa fayil a fuska, kafaɗunta suna rawa. Oga ya ce in sake kunnawa. Na sake. Ya ce in nuna wata ranar. Na nuna masa ranar ruwan sama, tara a rumfa ɗaya. Sharhabilu ya ce a hankali, "Wannan ba ni ba ne, ranar Terseer ce," Terseer ya taka masa ƙafa.

"Kowa ya fita," in ji Oga. "Ban da Cordelia da Batulu."

Da aka rufe ƙofa ya cire hula ya ajiye, ya daɗe yana shafa kai. Na ɗauka zai tambayi yadda aka yi aka cuce shi. Abin da ya tambaya daban.

"Mutanen Legas suna iya ganin wannan fim ɗin?"

"A'a, Oga. A kwamfutata kawai yake."

Ya sauke numfashi. Ashe makon jiya ya tura musu rahoto mai cewa kashi casa'in cikin ɗari na ziyarar gonaki ana yin ta, da hoton taswira kore shar. Sun yaba, sun ce za su zo da kansu wata mai zuwa. An kuma gayyace shi Abuja ya yi bayanin yadda ya yi nasara.

Anti Cordelia ta sauke fayil ɗin. Shekararta tara tare da shi, ita kaɗai ke masa magana yadda ta ga dama. "Oga, mu yi lissafin kasuwa. Ka kori tara, taswirarka ta koma ɗigo ɗaya, shi ma ja. Ka kori Baba, in mutanen Legas sun zo gonar wa za ka kai su? Ta Vera? Vera ba ta san hanyar gonarta ba."

"To ya za a yi da jan nan? Ba zan je Abuja da shi ba."

Na ce, "A ba shi waya mai kyau, Oga. Zai fito kore a inda yake."

Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Ya ja aljihun tebur, ya fito da tsohuwar wayarsa, mai kyau ce, gefe ɗaya kawai ya ɗan fashe. Har na fara jin daɗi. Sai ya tsaya da ita a hannu.

"Gona nawa yake dannawa a rana?"

"Ɗaya. Wani lokaci biyu. Yakan yini a wuri guda, saboda aikin..."

"Ɗaya cikin uku. Zai ja min lissafi ƙasa." Ya ce a kira Ya'u.

Ya'u ya shigo yana sunkuyar da kai, ya durƙusa tun daga bakin ƙofa. Oga ya yi masa faɗa na minti biyar cikakku, a kan amana da tsoron Allah da yadda ya ɗauke su kamar 'ya'yansa. Sannan ya miƙa masa wayar.

"Wannan ta Torkula ce, ka haɗa da sauran. Kuma daga Litinin jaka biyu nake so, babur biyu, ɗaya ya fara daga gabas ɗaya daga yamma. Wane irin sakarci ne mutum tara a ce ba a taɓa ganin biyu suna aiki lokaci ɗaya ba? Ba ku da tsari."

"Ranka ya daɗe, man babur na biyun..."

"Tashi ka ba ni wuri."

Ya juyo kaina. Fim ɗin nan, in ji shi, yana cin wuri a kwamfuta, in goge shi. Da'irar ma haka. Ya yaga ambulan ɗin gida biyu ya jefa a kwando, ya mayar da hularsa, ya tambayi Anti Cordelia ko telan ya kawo babbar rigar da zai sa a Abuja.

Na sami Baba Torkula a kan matakala, yana zaune inda inuwa take. Sauran sun taru can wajen mai faci suna magana ƙasa-ƙasa, ba wanda ya dube ni. Na gaya masa ba a kore shi ba. Na gaya masa sauran ma, domin ban ga amfanin ɓoyewa ba.

Ya saurara har na gama. "To yanzu ni ina zan kasance?"

"A taswira, duk inda jaka ta kai ka. Gona uku a rana."

"A ƙasa fa?"

"Ba wanda ya yi maganar ƙasa, Baba."

Ya jinjina kai, ya sa hularsa. Litinin zai koma Tse-Ugondo, in ji shi, tsutsa ta fara naɗe ganye a gonar Doose, in aka bar ta mako guda sai dai a yi hakuri da bana. Ya tambaye ni ko na iso gida lafiya ranar nan, ko rafin bai ɗauke min takalmi ba.

Anti Cordelia ta leƙo daga sama, wayar nan da ta karɓa daga wajen Ya'u a hannu ɗaya, filasta da biro a ɗayan. Ta riga ta rubuta sunansa a baya.

"Baba, lamba huɗu za a sa na buɗewa. Waɗanne kake so?"

"Ku zaɓa, 'yata," in ji shi, yana sauka. "Ba ni zan danna ba."